Akwatin Ƙarfe Da Zare Fulogi Sun Fi Jakar Da Ake Tallata Mana

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da ma'aikatanka, muna roƙon fili a wannan jarida mai farin jini domin mu yi bayani a kan wani batu da ke tasowa duk lokacin da aka ji manyan ƙasashe suna yi wa juna barazana da makaman nukiliya. A irin wannan lokaci sai bidiyoyi su cika WhatsApp da TikTok, ana cewa akwai wani bugun lantarki da maganaɗisu, wanda suke kira EMP, da zai kashe duk wata waya da rediyo da mota cikin ƙiftawar ido. Daga ƙarshe a tallata maka wata jaka mai tsada a ce ita ce magani. Mu masu aikin lantarki ne da gyaran na'urori a nan Zariya. Abin da muke so mai karatu ya riƙe shi ne, bugun nan gaskiya ne, amma mafi yawan ɓarnarsa ta igiyar waya yake shiga na'ura, kuma kayan kariyarsa duk akwai su a kasuwar Sabon Gari da Tudun Wada.

Abubuwa uku ake haɗawa a kira su da suna ɗaya, alhali ɗabi'arsu ba ɗaya ba ce. Na farko shi ne wanda bam ɗin nukiliya ke haifarwa idan aka fasa shi can sama da sararin samaniya. An taɓa gwadawa. Ranar 9 ga Yuli 1962, shekarar da aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello, Amurka ta fasa bam a nisan kilomita 400 sama da tsibirin Johnston a Tekun Fasifik. A Hawayi, mai nisan kusan kilomita 1,450, fitilun titi wajen 300 suka mutu, ƙararrawar kama ɓarayi ta riƙa kaɗawa da kanta. A watan Oktoba na wannan shekarar Tarayyar Sobiyet ta yi nata gwajin a saman Kazakistan, dogayen layukan tarho da na wuta suka lalace. Sashen farko na wannan bugu yana kaiwa ƙololuwa cikin 'yan kaso kaɗan na biliyan ɗaya na sakan, ya fi tsawa sauri wajen sau dubu, kuma ma'aunin da injiniyoyi ke gwada kaya da shi shi ne bolt 50,000 a kowace mita. Ƙwaƙwalwar wayar hannu kuwa da bolt 1 zuwa 5 take aiki. Amma a lura da kalmar nan, a kowace mita. Gwargwadon tsawon ƙarfen da bugun ya tarar, gwargwadon abin da zai zuba a ciki. Wayar hannu da ke ajiye a kan tabarma, tsawonta wajen santimita 15 ne kawai, abin da za ta ɗeba kaɗan ne. Ita dai wannan wayar idan tana jone da caja, cajar na jone da wayarin gida, wayarin na jone da layin da ya taso daga taransifoma, to an ba ta eriya mai tsawon ɗaruruwan mitoci.

Na biyu guguwar rana ce, wato tarin ƙwayoyi masu caji da rana ke fesowa su girgiza maganaɗisun duniya. A watan Satumba 1859 ta sa layukan tangarahu sun riƙa tartsatsi a Turai da Amurka. Ranar 13 ga Maris 1989 ta durƙusar da wutar lardin Kebek na Kanada cikin kamar sakan 90, mutum miliyan 6 suka shafe awa 9 a duhu. A 2003 ta lalata manyan taransifomomi a Afirka ta Kudu, kenan nahiyarmu ma ba ta tsira ba. Sai dai wannan guguwa ba ta da abin yi da rediyon da ke aljihunka. Layuka masu tsawon ɗaruruwan kilomita take bi, irin na bolt 330,000 da 132,000. Illarta ga ɗan Zariya ita ce rashin wuta na tsawon lokaci da hargitsewar GPS, ba ƙonewar waya ba.

Na uku shi ne wanda muke kwana da shi: tsawa, da kuma haukan wutar gari. Daga Afrilu zuwa Mayu, sannan a ƙarshen damina wajen Satumba da Oktoba, hadari kan taso daga gabas da iska da kwarankwatsa. Aradu guda kan ɗauko amfiya wajen 30,000. Ba sai ta faɗa kan gidanka ba. Ta faɗa kan falwaya ko bishiya a nisan mita ɗari biyu ko uku, ita ma bugun maganaɗisu take saki, wayoyin unguwa su kwashe shi su raba gida-gida. Washegari layi ne a shagunan gyara na PZ da Samaru: inbata, dikoda, talabijin, na'urar POS. Wanda ya kashe kuɗi saboda tsoron bam ya bar dikoda jone da dish ana walƙiya, ya bar jaki yana dukan taiki. Abin farin ciki shi ne shiri ɗaya ya isa ga dukkan ukun.

Mu fara da akwatin. Tun 1836 masanin Ingila Michael Faraday ya nuna cewa idan ƙarfe ya kewaye abu ta kowane ɓangare, lantarkin da ya zo daga waje a bayan ƙarfen yake yawo, ba ya kaiwa ciki. Shi ake kira kejin Faraday. Kaurin ƙarfen ba shi ne matsala ba. Ko takardar alminiyam da ake naɗe gasasshen kifi da ita tana tare igiyar rediyo sosai. Inda aiki ke ɓaci shi ne bakin murfi. Doguwar tsaga, ko da siririya ce kamar gashi, tana aiki kamar eriya. A megahaz 1,000 (megahaz ma'aunin saurin kaɗawar igiyar rediyo ne) tsawon zangon igiyar santimita 30 ne, saboda haka tsaga mai santimita 15 ƙofa ce a buɗe. Ƙananan huji guda goma masu faɗin milimita 2 ba su kai tsaga ɗaya mai tsawon tafin hannu ɓarna ba. Duk aikin da za a yi, a kan wannan baki za a yi shi.

Ga ƙananan kaya, gwangwanin madarar gari mai murfin ƙarfe da ake dannawa ya shige ciki yana da kyau, haka ma sabon gwangwanin fenti na lita 4 da ba a taɓa zuba komai a ciki ba. Tukunyar alminiyam mai murfi da ya zauna daram ita ma tana yi, haka bokitin ƙarfe mai murfi. Ga kaya masu yawa, akwatin ƙarfe irin na 'yan makarantar kwana ya fi, sai dai yana buƙatar gyara domin fenti ya rufe bakinsa, fenti kuma ba ya wuce da lantarki. A samu sanfefa a kankare fentin, faɗin santimita 2 zuwa 3, a zagaye bakin akwatin duka da cikin leɓen murfin, har sai ƙarfe ya fito fes yana ƙyalli. A goge ƙurar. A yanko takardar alminiyam a ninka ta sau huɗu ko biyar ta zama kamar ɗamara mai faɗin santimita 4, a shimfiɗa ta a kan bakin ta zagaye ba yankewa, inda ƙarshenta biyu suka haɗu su hau juna da santimita 5. Idan aka rufe, murfin ya danne ta ta ko'ina. Akwatunan nan sukan lanƙwashe a tsakiya, sai ka ga kusurwoyi sun kama amma tsakiyar gaba da gefuna sun ɗaga. A ɗaure da igiya ko roba mai ƙarfi a wuri biyu, ko a ɗora masa nauyi. Sannan a bi tsagar daga waje da salatif ɗin alminiyam mai faɗin santimita 5, irin wanda masu gyaran firji da na'urar sanyaya ɗaki ke amfani da shi. A nan mutane da yawa ke yaudaruwa: gam ɗin da ke bayan wannan salatif yawanci ba ya wuce da lantarki, don haka shi kaɗai bai isa ba, ɗamarar ciki ce ke yin aikin. Wurin kwaɗo da maƙalar murfi da inda aka kafa hannu duk a liƙe su daga ciki. Kada a haɗa salatif na jan ƙarfe da alminiyam ko kwano, domin da laimar damina sai su ci juna, tsatsa ta raba mahaɗar.

Akwai kayan da ido ke gani kamar za su yi amma ba sa yi. Kwanon samira da langa an shafe su da wani abu mai kama da gilashi, murfi da jiki ba sa taɓa juna ƙarfe da ƙarfe. Firji roba ce a bakin ƙofarsa. Kula ta abinci cikinta da murfinta roba ne. Na'urar ɗumama abinci ta maikurowef an ƙera ƙofarta ta tare zango ɗaya ne kawai, megahaz 2,450, sauran suna ratsawa, ga kuma wayar wutarta da ke shiga ciki.

Cikin akwatin a shimfiɗa kwali ninki biyu a dukkan ɓangarori shida, har da ƙarƙashin murfi, kauri kamar santimita 1, yadda babu na'urar da za ta taɓa ƙarfe. Kowace na'ura kuma a yi mata nata suturar: a kashe ta, a zare mata duk wata waya, a mayar da eriyar rediyo ciki, a sa ta a leda ko a naɗe da takarda, a naɗe da alminiyam zagaye uku, a ninka bakin sau biyu kamar yadda ake ninka bakin buhu, a sake sa ta a leda. Kusurwar na'ura kan huda takardar, shi ya sa ake fara sa leda ko tsumma. Amfanin ninki biyu lissafi ne. Ana auna kariya da desibel: 20 na rage ƙarfin bugu sau 10, 40 sau 100, 60 sau 1,000, ma'aunin sojan Amurka ga muhimman gine-ginensu kuwa 80 ne. Akwatin da aka haɗa a gida da wuya ya kai can shi kaɗai, amma idan akwatin ya rage sau 100, naɗin ciki ya sake ragewa sau 100, bolt 50,000 ya koma wajen 5.

Doka ɗaya ba ta da sassauci: kada wata waya ta ratsa bangon akwatin. Wanda ya huda shi ya zura caja don wayarsa ta riƙa caji a ciki ya rushe aikin gaba ɗaya. Kuma ƙaramin akwati ba ya buƙatar a haɗa shi da sandar ƙasa. Wayar da za a ja zuwa sandar ita kanta eriya ce, ta fi kusa da jawo matsala fiye da magance ta.

Sai gwaji, kuma a yi shi kafin a zuba kaya. A kunna tocila a sa a ciki a rufe, a shiga ɗaki mai duhu a duba ko haske na fita ta wani wuri. A kamo tashar FM mafi ƙarfi a ƙaramin rediyo, a ƙure murya, a sa a ciki. Da rufe murfi ya kamata magana ta ɗauke sai shuuu. A haɗa waya da sifika ta Bluetooth, a kunna karatu, a rufe wayar a ciki. Sautin ya yanke ko da sifikar na kan murfin. Na ƙarshe, a sa waya mai cikakken sabis, a jira minti ɗaya, a kira ta sau uku. Idan aka ce ba a samun ta, madalla. Idan ta yi ƙara ba lallai akwatin ya zama banza ba, domin wayar hannu tana iya kama sabis mai rauni ƙwarai, musamman kusa da dogon ƙarfen kamfanin waya, amma alama ce a sake bin bakin murfi. Tashar matsakaicin zango mai ƙarfi, irin Rediyon Najeriya Kaduna, ta fi wuyar tarewa, ana iya jin ta sama-sama ta cikin siririyar takarda. Masu mitar awon lantarki su sani cewa ganin sifili tsakanin murfi da jiki ba hujja ba ce, domin maƙala guda ɗaya ta isa ta nuna haka alhali sauran bakin a buɗe yake. Bayan gwaji a kashe wayar. Idan aka bar ta a kunne za ta yi ta neman sabis har batir ya ƙare, ta kuma yi zafi.

Me ya cancanci shiga ciki? A ganinmu rediyo ne kan gaba, mai kama gajeren zango da matsakaicin zango da FM, domin ranar da wuta da sabis suka ɗauke tare, babbar waya ta zama tocila da ma'ajiyar hotuna kawai, rediyo kuwa zai kamo tasha daga wata ƙasa. Sai ƙaramar waya mai madannai, tocila biyu, caja da igiyoyinta, fawa-banki, da ƙaramin faifan sola mai naɗewa na wat 10 zuwa 20. Fawa-banki mai lamba 10,000 ba ya cika babbar waya fiye da sau ɗaya da rabi, kada a ɗora masa dogon buri. Gidan da ke da sola ya ajiye kwantirolar caji ta biyu, ko da mai arha ce ta amfiya 10 ko 20, domin ita da inbata ne ke fara mutuwa, faifan kansa da batir sun fi juriya. Inda akwai mai ciwon suga ko hawan jini, na'urar awo ta biyu ta fi komai muhimmanci. A sa memori ko filash guda biyu ɗauke da hoton takardun fili, shaidar karatu da katin ɗan ƙasa, amma a tuna filash da ya shekara da shekaru ba a jona shi ba yana iya zubar da abin da ke ciki. Lambobin 'yan uwa da na asusu a rubuta su a littafi da biro.

Gaskiyar magana, abin da ya fi kashe kayan ajiya a garin nan zafi ne da laima, ba bugu ba. A bazara zafin Zariya kan kusanci digiri 40 a inuwa, ƙarƙashin rufin kwano kuwa ya wuce haka nesa. Batirin litiyam da aka cika fal aka bari a irin wannan zafi yana kumbura. A ajiye shi da caji kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari, akwatin kuma a ƙasa, a ɗaki mafi sanyi. Masu ɗakin soro na ƙasa a cikin birni sun fi kowa dacewa. Batirin da ya riga ya kumbura kada ya shiga ko kaɗan. Batiran rediyo da tocila a cire su daga na'ura a liƙe kawunansu da salatif na roba, domin idan suka yi yoyo farin gishirin nan yana cinye ƙarfen mazauninsu. Don laimar Yuli da Agusta a sa ƙwayoyin silika wajen giram 50 a akwati mai cin lita 20, irin ƙananan ƙunshin da ake samu a kwalin takalmi da na magani. Shinkafa ba ta yin wannan aiki yadda ake zato. Lokacin hunturu kuma, sa'ad da bargo ke tartsatsi cikin dare, wannan tartsatsin dubban bolt ne, ya isa ya kashe memori. A taɓa ƙofar ƙarfe kafin a taɓa kayan. Duk wata uku ko huɗu a buɗe, a kunna komai, a gyara caji, a sake ɗamarar baki idan ta yage. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Kayan da ake amfani da su kullum ba za su zauna a akwati ba, nasu maganin shi ne zare fulogi. Kashe makunni bai isa ba: ratar da ke cikinsa milimita 3 ce ko ƙasa da haka, iska kuwa tana fashewa a wajen bolt 3,000 kan kowace milimita, tsawa ta tsallake wannan ba wahala. A zare fulogin a nisanta shi da soket kamar taku ɗaya, a kwance wayar dish da ta eriyar da ke kan gora, a raba wayar sola da kwantirola, kuma a yi haka tun hadari na haɗowa. Idan tsakanin walƙiya da ƙarar tsawa bai kai sakan 30 ba, tana cikin kilomita 10, kada a sake taɓa wayar wuta ko ta eriya.

Ga mai hali, mai wayarin ya sa na'urar tare bugu mai aji na 2 a allon rarraba wuta, mai lambar bolt 275 da amfiya 20,000 zuwa 40,000. Wayoyin da suka haɗa ta, shiga da fita zuwa ƙasa, jimillarsu kada ta wuce santimita 50, domin kowace mita tana ƙara wajen bolt 1,000 a kan abin da zai isa ga kayanka. Wayar ƙasan kuma kaurinta kada ya gaza sukwaya milimita 6. Gefen sola yana buƙatar tasa na'urar daban, wadda lambarta ta haura ƙarfin jerin faifan. Duk wannan ba ya aiki sai da sandar ƙasa ta kirki, mai rufin jan ƙarfe, tsawon mita 1.8 zuwa 2.4, a wuri mai danshi, a auna turjiyarta ga wucewar lantarki a samu ƙasa da om 10. A auna da rani, domin jar ƙasarmu idan ta bushe awon yana hawa sosai. Idan sanda ɗaya ba ta kai ba a ƙara ta biyu a nisan da bai gaza tsawonta ba, a haɗa su. Gishiri da gawayi da aka saba zubawa suna sauke awon da farko, amma gishirin yana cin sandar, ruwa kuma yana wanke shi. Na'urar tana da 'yar taga mai launin kore. Ranar da ta koma ja ta gama aiki, a sauya ta.

Akwai kuma ɓarnar da wannan na'ura ba ta iya tarewa. Idan wayar nutural ta tsinke a layi, ko ɓata-gari suka sace ta a taransifoma, wutar da ya kamata ta tsaya a 230 tana iya hawa zuwa kusan 400 a wasu gidaje ta zauna a haka. Alamarta ita ce ƙwan wani ɗaki ya yi haske fiye da kima, na maƙwabci ya dushe, fanka ta riƙa gudu kamar za ta tsinke. Na'urar tare bugu an yi ta ne don abin da bai kai sakan ba, a irin wannan hali ita ma ƙonewa take yi. Abin da ake buƙata shi ne na'urar da ke yanke wuta da kanta idan ta haura ko ta faɗi, a saita ta ta yanke a wajen 255 zuwa 260 a sama da 180 a ƙasa, ta kuma jira minti 3 kafin ta mayar, saboda injin firji. A sa ta bayan mita, kafin allon rarrabawa, da amfiyar da ta dace da gidan, 40 ko 63.

Mun gode da ba mu fili. Wassalam.

Naku,
Wasu masu aikin lantarki da gyaran na'urori,
Sabon Gari da Samaru, Zariya.